Ƙeyar Babana

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da abokin aikina, da tablo ɗaya, wato allon da nake zane a kai, naɗe cikin zane kamar jinjiri. Masu bibiyata a intanet sun san wata uku ke nan ina fama da shi: zanen babana ne, wanda ya rasu ina goye. Na gama riga, na gama hannuwa, wurin fuska kuwa fari fat. Hotonsa ɗaya tak na katin shaida ne, shi ma gara ta cinye tun ban yi wayo ba. Innata ta daɗe da bin sa. Mutum guda ya rage mini, kakata da ta haife shi, a wani ƙauye gaba da Bader Gula.

A tasha direba ya ce tablo ma fasinja ne, sai da na saya masa kujera. A shingen jandarma wani ya buɗe zanen, ya ga mutum ba fuska, ya tambaye ni ko fenti ne ya ƙare. Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Da hantsi muka shiga Dakoro. Muka sha fura da nono mai kauri, na sayi cuku duk da ya yi tsada bana. Daga nan sai baburan kabu-kabu cikin rairayi, gero ya nuna dama da hagu, abokina na rungume da tablo iska na neman ƙwace shi kamar faifai.

A ƙofar gari muka tarar da dattawa biyu. Ɗaya ya ce babana baƙi ne dogo, ɗayan ya rantse fari ne mai wushirya. Suka yi ta gardama, daga baya ta bayyana ƙanen babana ɗayansu ke nufi. Ban damu ba, ai uwa na nan.

Na iske Kaka a inuwa tana ɓarar gyaɗa.

"Maigidan nawa, mi ka taho mani da shi?"

Na warware zanen, na zauna da fensir a hannu. Na ce ta faɗa mini hancinsa, idonsa, yadda bakinsa yake in yana dariya. Ta daɗe tana kallon farin wurin.

"Ɗan hwari ne hwa," in ji ta. "Ka taɓa ganin uwa ta tsaya kallon ɗan hwari?"

Na san al'adar kunyar ɗan fari, amma ban taɓa kawo ta a nan ba. Ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, har yau "yaron nan" take cewa.

"In ya shigo, ƙasa nika dubi. Sai ya juya za ya hita nika ɗaga kai. Ƙeyatai na sani. Akwai tabo nan inda ƙahon bijimi ya shahe shi, kunnen hagu kuma ya ɗan buɗe." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Na zaci in mun tsuhwa kunya za ta ragu."

Na zo neman fuska wurin wadda ta fi ni rashinta. Na rubuta tabo da kunne don kada hannuna ya zauna banza.

Za mu tafi ta riƙe mini hannun riga. "Kai da ka iya zane, in ka samo ta, ka kawo mani in gani."

Kafin magariba muka iso Maraɗi. Abin da tafiyar ta koya mini ba daɗi: na ɗauka tarihin gida na nan a ajiye yana jiran mai tambaya, ashe wani ba a ma taɓa ajiye shi ba. Na shafe tablon, na sake zana babana ya ba da baya, zai fita ƙofa. Ƙeyar ta fito daidai, har tabon. Amma ita fuska ta ce in kawo mata, kuma ba sauran wanda zan tambaya.