Kakar da Duktora Batulu Ba Ta Je Fashaga Ba

Batulu Cindo 'yar manomin dawa ce a Doka, wani gari a gabashin Sudan, kuma ita ce ta farko a danginsu da aka kira duktora, wato mai digirin dakta. Abin da ya kai ta karatu mai zurfi shi ne kala'azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, wanda ya ɗauke ƙanenta tana ƙarama. Da ta kama koyarwa a wata jami'a a Gadarif, duk kaka sai ta hau lori zuwa gonakin Fashaga, ta zauna cikin 'yan ƙwadagon girbi. Da wani likita da wani masanin ƙasa take aiki, don ƙwaron da ke kawo cutar a tsagewar baƙar ƙasa yake ɓuya, mutanen kuwa a kanta suke shimfiɗa.

Shekarar da ta nemi ƙarin girma, Ustaz Mudi, shugaban kwamiti kuma abokin mahaifinta, ya kira ta ofis. Ya juyo mata da kwamfuta.

"Sai haƙuri, 'yata. Yanzu da wannan ake auna malami: maƙala nawa ya buga a mujallun waje, mutum nawa suka ambace shi. Ke kuwa an raba ki uku. Ga Batul, ga Batoul, ga wata B. Shindo."

"Ai duk ni ce, Baba."

"Na sani, wallahi. Amma abin da ya fito nan shi kwamiti ke gani."

Ya ƙara da cewa abin da ta rubuta da Larabci ba ya cikin lissafi. Sashen lafiya ya ce aikinta na noma ne, sashen noma ya ce na likitoci ne.

Ta aika saƙo ga masu lissafin su haɗe sunayen, shiru kamar an shuka dusa. Ta roƙi a rage mata azuzuwa ta samu zama ta yi rubutu, aka ce wannan sai wanda aka ƙara wa girma. Ta nemi aiki a wata ƙasa, su ma wannan lissafin suka tambaya.

Daga baya wata abokiyar aiki ta raɗa mata dabara: ta tattara binciken wasu ta taƙaita shi da Turanci, irin wannan ne ake yawan ambato. Batulu ta ƙi, ta sake ƙi, sannan ta yarda.

Kakar nan tana ofis ƙarƙashin fanka, Sharu, shugaban 'yan ƙwadagon wata gona, ya bugo mata waya.

"Ya duktora, an fara yanka dawa. Mutum uku sun kwanta. Yaushe za ki iso?"

Ta dubi tarin maƙalun da ke gabanta.

"Ku kai su asibiti yau, kada ku jira ni. Sai baɗi, in sha Allahu."

Ta ajiye wayar, ta ci gaba da karanta maƙalar wani mutum da bai taɓa taka Sudan ba.