Tafin Hannun Baba a Ƙarƙashin Gada

Jiya motata ta yi zafi a titin da'iri, wannan da ya zagaye Makka, na tsaya kusa da Kudai. Ƙaurin kwalta ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Titin nan ne ya ƙwace mini shi tun ina ƙarama. Shi da sauran ma'aikata suna fasa duwatsu, suna zuba kankare, ya dawo gida da farar ƙura har a gashin ido, yana cin abinci yana ba mu labarin gada. Bai taɓa tuna ajin da nake a makaranta ba, amma ya san kowace kwana ta titin.

Wata Juma'a, ranar hutunsa ɗaya tak, ya ce in shirya mu fita. Na ɗauka shawarma za mu ci a unguwar Aziziyya. Sai ya kai ni ƙarƙashin wata gada, ya nuna mini inda ya danna tafin hannunsa tun simintin yana ɗanye. Yana shafa wurin kamar kan jariri.

Na ce, "Baba, wallahi ka fi son titin nan a kaina."

Ya yi dariya. "Ke ai kina da uwa. Shi fa?"

Da motar ta huce, gadar nan na nufa. Na ɗora hannuna a gurbin nasa, na ji shi da ɗumi. Haushin bai tafi ba: titi ya mallaki hannun, ni sai dai aro.

Ya Allah, Ka ba shi ladan duk tayar da ta bi ta kai. Amma hannun nan, Ka ajiye mini shi a Aljanna, ni kaɗai.