Saniyar Hajiya da gatarin da ban taɓa wucewa ba

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Moss Side can ƙasar Turawa, bangonmu ɗaya da wata tsohuwa 'yar Indiya mai bin addinin Hindu. Hajiya nake ce mata don tsokana, tunda sau uku ta je ziyarar wani tsohon haikalinsu da ke kan tsauni. Ba ta da hira sai ta haikalin nan.

Zan dawo daga aikin asibiti ƙafafuna kamar ba nawa ba, ta tare ni a ƙofa da shayi mai citta. "Zauna 'yata, ki ji asalinsa." Wai da can akwai wata saniya da kullum take komawa gida ba nono. Makiyayin ya bi ta a ɓoye, ya tarar tana zubar da nonon a kan wani dutse cikin kurmi. Ya fusata, ya ɗaga gatari... To, iyakata ke nan. Wallahi ban taɓa wuce gatarin nan ba, barci ke kwashe ni a kujerarta. In na farka in ce, "Kai, labari ya yi daɗi!" Ita dai dariya kawai take yi.

Da jiki ya ƙi, ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa a unguwar Erdington, can birnin Birmingham. Wata Asabar da hantsi, na dawo daga aikin dare ko takalmin aiki ban cire ba, ya kira ni. "Anti, likita ya ce yau ko gobe. Mama ta bar wata 'yar gorar tagulla a ɗakinta, ruwan haikalin ne. A al'adarmu ana ɗiga wa mai barin duniya a baki. Makullin gidan yana wajenki."

Sai na tuna yadda mahaifiyata ta adana zamzam ɗinta shekara da shekaru saboda irin wannan rana. Na ɗauki gorar na kama hanyar Birmingham, ga cunkoso, ga ruwan sama, idona na rufewa ina marin kumatuna.

Na same ta da sauran numfashi. Ɗan ya ɗiga mata ruwan. Ta buɗe ido, ta ce a ba ta labarin saniyar. Ya dube ni. "Anti, ni a nan aka haife ni, ban taɓa zama na saurara ba. Ta ce ke kin fi kowa jin sa."

Na riƙe hannunta na fara. Saniya, makiyayi, kurmi, gatari. Nan labarin ya ƙare min, kunya kamar in nutse. Ta ɗan matse yatsuna ta yi murmushi. "Nan kike barci," in ji ta.

Ba ta samu ƙarfin ƙarasa mana ba. Kafin la'asar ta cika.

Na san in na duba waya zan ga ƙarshen labarin nan take. Har yau ban duba ba, don ba daga waya nake son jin sa ba. Gajiyar aiki tana nan yadda take, sai dai yanzu in tsohuwa ta ce min zauna ki ji, a tsaye nake saurara.