Kassimu Mai Jan Wayit

Kassimu mutumin Tasawa ne, ta ƙasar Nijar. Ya shigo Jidda aikin hajji a farkon shekarun tamanin, yana saurayi mai jini a jika, da permin tuƙin kamiyo, wato lasisin babbar mota, ƙunshe a aljihun ciki. Ya sauke farali, jirgin alhazai ya tashi ba da shi ba. Bayan ya sha ɓuya da dakon kaya a kasuwa, Allah ya haɗa shi da wani Balarabe mai suna Abdulghani, wanda ya tsaya masa a matsayin kafili, ya fitar masa da iƙama, wato takardar izinin zama, ya damƙa masa makullin wayit.

Wayit ita ce tanka a bakin mutanen Jidda. Akwai mai kai ruwan sha, akwai kuma mai fentin ruwan ɗorawa wadda ke zuƙe bayyara, wato ramin da ruwan masai da na wanka ke taruwa a ƙarƙashin gida. Ta Kassimu mai ruwan ɗorawa ce. Zai ja da baya zuwa ƙofar gida, ya zura mesa mai kaurin cinya, maigadi ya toshe hanci ya matsa, matan gida su rufe tagogi. In tanka ta cika sai ya miƙa gabas, bayan duwatsu, inda wayit-wayit ke jerin gwano cikin rana suna juyewa a wani ƙaton tafki da mutanen gari ke kira tafkin miski don zolaya. Haka ya yi shekaru, har hancinsa ya daina kai masa ƙara.

Ya auri Salamatou, 'yar wasu 'yan Nijar da ke unguwar Sa'alaba, suka kama ɗaki da falo a unguwar Madain Fahd. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Mastura, wadda in ya yi mata Hausa takan amsa da Larabci.

Daga baya Abdulghani ya buɗe gona arewa da Abhur, can cikin fili. Rumfunan leda ne jere, dogaye, da fankoki a ƙarshen kowacce, ana noman kokwamba da tumatir da tattasai. A bayansu aka gina wa ma'aikata ɗakunan bulo. Da farko ba su da yawa. Amma gona ta yi albarka, aka ƙara rumfuna, aka ƙara 'yan Bangala da 'yan Sudan da 'yan Cadi, aka ƙara gadaje a ɗakuna, bayyara kuwa tana nan yadda aka haƙa ta. Aikin Kassimu ya koma na gonar kaɗai. Daga Madain Fahd zuwa gona tafiya ce, daga gona zuwa tafki wata tafiyar. Bayansa ya fara ciwo, har ta kai in ya sauko daga mota sai ya dafa taya ya jira ƙugunsa ya saki.

A shekarar 2008 Abdulghani ya sayo na'urar tace ruwan ƙazanta. Wasu manyan tankunan ƙarfe ne da injin hura iska, aka ce ruwan bayyara zai shiga baƙi ya fito garau, ba sai an ɗebe shi ba. Ranar da aka sauke ta, tsohon ya dafa kafaɗar Kassimu, wanda yake kira Gasim da harshensu.

"Halas, ya Hajji Gasim, ka huta da titi. In an kunna ta, kai za ka riƙa kula da ita. Ga inuwa, ga kujera."

"Allah ya saka da alheri, Ammi," in ji Kassimu.

Sai dai ba a kunna irin wannan na'ura sai ofishin kula da muhalli ya zo ya duba, ya ba da tasrihi, wato takardar izini. Mai bin takardun Abdulghani a ofisoshi wani Bahaushe ne haifaffen Jidda, Musbahu, mutum mai fara'a da saurin baki. Kullum Kassimu ya gan shi sai ya tambaya.

"Musbahu, ina labarin takarda?"

"Ta kusa, ya Ammi, wallahi ta kusa. Bukra, gobe-goben nan in sha Allah, ko sati mai zuwa."

Mai dubawa ya zo bayan wasu watanni, ya zaga, ya auna da igiyar awo, ya ce na'urar ta yi kusa da rijiyar da ake ban ruwa da ita, sai an matsar. Kassimu da kansa ya ga gaskiyar maganar, don ya san abin da ƙasa ke sha. Amma matsar da tankunan ƙarfe ba matsar da tukunya ba ne. Aka fasa siminti, aka sake haƙa, aka sake jan bututu, zafi ya shiga ya fita. Shi kuwa yana kan titi.

Ana jiran mai dubawa ya dawo sai ga ambaliyar 2009, daidai lokacin da alhazai ke Mina. Ruwa ya sauko daga duwatsu ya ci unguwanni, ya tafi da motoci da mutane. Gari ya ɗauka da tsoron kada bangon tafkin nan ya ɓalle a kan jama'a. Bayan haka duk takardar da ta shafi ruwa aka maido ta baya. Aka ce sai injiniya ya rubuta ta inda ruwan sama ke bi a filin gonar. Tafkin ma aka rufe shi, aka ce wayit ɗin gonar ta riƙa juyewa can kudancin gari. Tafiyar Kassimu ta kusa ninkawa.

Wata Juma'a famfon motar ya ƙi aiki, gareji kuma a rufe. Kafin azahar bayyara ta tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi. Ma'aikata suka fito da katifu a ka. Wani ɗan Cadi mai suna Isha'aku, wanda ya yi wanka ya sa farar jallabiya don masallaci, ya tsaya a bakin ruwan yana huci.

"Baba Kassimu, mu dabbobi ne? Ga na'ura can a tsaye kamar gunki! A kunna ta mana!"

"Ba ni da makullinta, Isha'aku. Ko ina da shi, in aka kama, gonar za a rufe, ku duka ku kwana a titi."

Ya naɗe wando, ya shiga, ya kwance famfon da hannunsa ya ciro tsumman da ya toshe shi. Ranar bai samu jam'i ba. Da ya isa gida bayan la'asar, Salamatou ta gasa masa baya da ruwan zafi.

"Baban Mastura, mu koma gida mana. Me ya rage?"

"Wane gidan? Tsofaffi sun rasu. Yarinyar nan kuwa ko hanyar Tasawa ba ta sani ba."

"To har yaushe?"

"Takarda ta kusa, an ce."

Ita ma ta san wa ya ce, sai ta ci gaba da matse tsumma.

Aka ba da izinin gwaji, aka kunna na'urar na ɗan lokaci, aka ɗebi ruwanta a kwalabe aka kai ɗakin bincike. Sakamakon farko bai yi ba, aka ƙara magani aka sake ɗiba. Tasrihi bai fito ba sai cikin 2011. Musbahu ne ya kawo shi gona da hantsi, ya sami Kassimu yana naɗe mesa. Ya yi sallama, ba irin fara'ar da ya saba ba.

"Mabruk, ya Ammi, ta fito. Bas akwai sharaɗi." Ya sosa ƙeya. "Sun ce lazim kamfani mai lasisi ne zai riƙa kula da ita, da ma'aikacinsu mai shahadar ƙwarewa. Kuma ruwan na itatuwa ne kawai, kada ya taɓa kayan miya."

Kassimu ya gama naɗe mesar, ya ɗaure ta a jikin mota.

"Kenan ba ni ba."

"Wallahi na yi magana, ya Ammi. Iƙamarka direba aka rubuta."

"Ba laifinka. Ruwan dai ya daina shiga ɗakin yaran nan."

Abdulghani, wanda shi ma tsufa ya kama shi har yana tafiya da sanda, ya ji kunyar alkawarinsa. Ya sayar da wayit ɗin, tunda laka kawai za a riƙa kwashewa jefi-jefi, kamfanin kuma na da motarsa. Ya sa aka dasa itatuwan bedi, wato dogon yaro, a jikin shingen gona, ya ce Kassimu ya riƙa ba su ruwan da na'urar ke fitarwa. Aikin ba nauyi, sai dai tsayuwa, tsayuwa kuwa ita ce abin da bayan nasa ya fi ƙi. Yakan jawo bokitin fenti ya kife ya zauna, tiyo a hannu, ya matsa daga wannan dashe zuwa wancan. Wani saurayi ɗan Filifin daga kamfanin yakan zo ya duba agogunan na'urar, su ɗaga wa juna hannu.

Da yake ba shi da mota yanzu, sai ya karɓi gado a ɗakin su Isha'aku, yana zuwa gida ranar Alhamis kawai, a motar da ke kai kokwamba kasuwa. A 2012 har yanzu yana can. Direban motar ya ce bai taɓa ganin fasinja irinsa ba: da zarar an hau kwalta sai ya jingina kai da gilashi, ba ya farkawa sai an girgiza shi a Madain Fahd.