Shekarar da Kansila Ya Ƙi Karɓar Bokiti

Shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, ita ce shekarata ta biyu a aikin koyarwa. Wata firamare ce a cikin lungunan da ke tsakanin Zaitawa da Ƙofar Wambai, daga Gwammaja nake zuwa kullum, kuma aji shida aka damƙa mini. Ni ce ƙarama a cikin malamai, saboda haka duk aikin da ba wanda yake so, sai a tuna cewa Malama tana da ƙoƙari.

Hedimastanmu dattijo ne da ya ga gwamnatoci iri-iri, kuma ya ƙaunaci kowacce tun daga ranar da ta hau har ranar da ta sauka. A bangon ofishinsa ƙusa ɗaya ce, hoton da ke rataye a kanta ne yake canzawa. A watan da aka rantsar da farar hula ya daina sa kaftaninsa mai ruwan kakin soja, ya kuma fara ce mana shi dama tun yana yaro jininsa bai haɗu da mulkin bindiga ba. Mu da muka sha ganinsa yana sara wa kantoma har hularsa tana faɗuwa, sai muka ce haka ne, Malam.

Saura mako biyu a yi hutun ƙarshen shekara ya tara mu, ya ce bikin bana ba irin na da ba ne, domin yanzu jama'a ke mulki. Za a gayyaci sabon kansilan mazaɓa ya raba kyaututtuka, kuma za a karanta labaran makaranta na shekara kamar yadda ake yi a rediyo. Da ya zo kan wanda zai rubuta ya kuma karanta, malamai duk suka duƙufa kallon takalmansu. Aka tuna da ƙoƙarina.

Na zauna na rubuta abin da ya faru, don a lokacin na ɗauka ma'anar labarai ke nan. Na ce iskar farkon damina ta yaye rufin aji huɗu, har yau ba a mayar ba. Na ce awakin maƙwabta suna kwana a aji biyu, yara ne suke share bayan garinsu kafin a fara darasi. Na ce an yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki tun zangon farko, ba a aiko da wani ba. Na kuma kawo masu daɗi: matan unguwa sun haɗa kai sun yashe rijiyar makaranta, kuma wani baduku, mahaifin yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajina, ya ɗinke mana ƙwallon yara sau uku bai ce a ba shi komai ba.

Hedimasta ya karanta a tsaye, ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi.

"Malama, ai wannan ba labarai kika rubuto ba, ƙara kika kawo."

Ya zaro jan biro ya zauna. Kafin a tashi, aji huɗu ya zama ajin da ya samu ƙarin haske da wadatacciyar iska. Awaki suka zama alamar kyakkyawan zumunci tsakanin makaranta da maƙwabtanta. Malamin lissafi kuwa, an ce makarantarmu ta ba da gudummawar ƙwararre ga wata makaranta. Rijiya ce kawai ta tsira, ita ma sai da ya ƙara cewa an yashe ta bisa hangen nesan shugabancin makaranta.

Kansilan nan kowa ya san shi. Robobi yake sayarwa a Ƙofar Wambai tun kafin a san za a yi zaɓe, bokitai da baho da kofuna, mutum ne mai ƙatuwar murya da ya saba ciniki daga wannan rumfa zuwa waccan. Da takardar gayyata ta isa gare shi, ya aiko da bokitai shida da damin kofuna a matsayin kyaututtuka. Muka jera su a ofis, muka tsara cewa a kowane aji, wanda ya zo na ɗaya zai ɗauki bokiti, na biyu da na uku kofi.

Matsalar ita ce ɗan kansila a ajina yake. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma takura wa littafi. A jarrabawa ya zo kusa da ƙarshe, kuma bai taɓa shigowa aji kafin ƙarfe tara ba. Hedimasta ya ce ba zai yiwu uba ya yi ta miƙa wa 'ya'yan wasu bokitinsa, nasa yana zaune yana tafi ba. Ya yi tunani kwana guda, ya fito da kyautar ɗalibin da ya fi kowa zuwa makaranta da wuri. Na ce masa rajista tana hannuna, kuma abin da ke ciki bai yi kama da haka ba.

"Malama, wuri ai kowa da nasa," in ji shi.

Magana a cikin birni ba ta buƙatar ƙofa. Washegari sai ga shugaban kwamitin iyaye, wani Alhaji mai sayar da yadi, wanda shi ne kansila ya kayar a zaɓe. Ya zauna a ofis ya yi ta bayani a kan adalci, har hedimasta ya gano da kansa cewa jikan Alhaji na aji biyar ya cancanci kyautar ladabi. Wannan jika shi ne ya ciji monita a kunne a zango na biyu. Bayansa aka samo wa ɗan wan mai unguwa kyautar tsafta, aka samo wa ƙanen matar wani jami'in ilimi kyautar son zaman lafiya. Kowace sabuwar kyauta bokiti take ci, don ba a ba ɗan babban gida kofi. Da aka gama, bokiti biyu suka rage, aka bar wa aji ɗaya da aji biyu saboda ƙanana suna da saurin kuka. 'Yar baduku, wadda ta fi kowa maki a makarantar gaba ɗaya, aka rubuta mata kofi ruwan ɗorawa. Na yi gunaguni a ɗakin malamai inda hedimasta ba ya ji, daga nan na je na kwafe jerin sunayen da kyakkyawan rubutu.

Ranar biki aka shimfiɗa tabarmi a tsakar makaranta, mata a gefe guda, maza a gefe guda, yara a tsakiya. An aro kujerar kushin guda ɗaya daga wani gida domin babban baƙo. Alhaji ya zo tun ana shara ya zauna a kanta, ya baza babbar rigarsa har ta rufe hannuwan kujerar, ya fito da carbi. Hedimasta ya zagaya shi sau uku yana gyaran murya, Alhaji yana amsa masa da lafiya lau. Kansila bai iso ba sai da rana ta take, da ayarin magoya baya a bayansa. Ya dubi kujerar, ya dubi mai zama a kanta, ya gaishe shi da Baba, ya ja bencin yara ya zauna gwiwoyinsa suna kusa da haɓarsa. Magoya bayansa suka tafa kamar an sake faɗin sakamakon zaɓe.

Aka buɗe da addu'a, yara suka yi waƙar maraba, aka kira ni. Lasifikar ta masallacin unguwa ce, don haka har masu awo a bakin titi sun ji ni. Na karanta da muryar rediyo, ina jan ƙarshen kowace jimla. Da na zo kan ƙarin haske da iskar aji huɗu, sai duk taron ya ɗaga kai, domin ajin yana nan a bayan teburin manyan baƙi, katakan rufinsa tsirara suna kallon sama. Mata suka cusa baki a mayafi, kafaɗunsu suna rawa. Da na ambaci zumunci da maƙwabta, tsohuwar da ke da awakin ta gyaɗa kai cikin gamsuwa, don ita a ganinta an daɗe ba a faɗi gaskiya irin wannan ba. Na gama aka tafa mini, hedimasta ya fi kowa.

Rabon kyauta ya fara lafiya. Hedimasta yana kiran suna, kansila yana miƙawa. 'Yar baduku ta zo ta durƙusa ta karɓi kofinta da hannu biyu, ta koma. Sannan hedimasta ya gyara tsayuwa, ya sanar da kyautar zuwa da wuri, ya kira sunan yaron har da na ubansa, da ƙarin mai girma a gaba. Yaron ya taso a hankali ya tsaya ya miƙa hannu. Kansila ya riƙe bokitin bai saki ba. Ya nemi a maimaita masa sunan kyautar, aka maimaita. Sai ya karɓi lasifikar, ko da yake muryarsa ba ta buƙata.

"Malam, wannan yaron ni nake tashinsa, wani lokaci sai na yayyafa masa ruwa. Ni nake rako shi, kuma tun da aka shiga shekarar nan ban taɓa tarar da ƙofar makarantar nan a buɗe ba, sai mun ƙwanƙwasa. In shi ne ya fi kowa sammako, to sauran da la'asar suke zuwa?"

Dariyar da aka riƙe tun lokacin labarai ta ɓalle. Kansila ya tambayi wanda ya zo na ɗaya a aji shida, aka nuna masa yarinyar tana rungume da kofi. Ya kira ta ya ɗora mata bokitin, ya ce in ana neman mai rabon kaya ta bayan gida a nemi wani, shi jama'a ce ta zaɓe shi. Magoya baya suka miƙe tsaye.

Suna na gaba a takarda jikan Alhaji ne, kuma hedimasta, da yake ya rikice, sai ya karanta. Na ga Alhaji yana lissafi da idanunsa. In ya bari jikansa ya karɓa, gobe duk kasuwa za a ce ga wanda ya ci, ga wanda ya ƙi ci. Ya miƙe daga kushin, karo na farko tun safe, ya ce shi ma bai san da wannan magana ba, kuma jikansa ba shi da ladabi ko na sisin kwabo. Don kada a ce kansila ya fi shi gaskiya, ya kawo labarin cizon kunne, ya ƙara da wasu laifuffuka biyu na gida da mu malamai ba mu ma sani ba. Ya ce a ba yarinyar nan. Wan mai unguwa ya ga inda iska ta juya, ya ce ɗansa sai an yi da gaske yake wanka. Wakilin jami'in ilimi ya sulale tun kafin a zo kansa. Haka 'yar baduku ta tashi da bokiti huɗu da kofi, mahaifinta ya fito daga cikin maza yana sunkuyar da kai, ya taya ta ɗauka kamar wanda aka kama da kayan wani.

Hedimasta bai faɗi ƙasa ba. Ya karɓi lasifika ya ce alhamdu lillahi, dama makaranta ta shirya wannan ne don ta nuna wa yara irin shugabannin da Allah ya ba mu a sabon zamani, kuma ga shi duk sun ci jarrabawa. Kansila ya yi jawabi ya yi alkawarin rufin aji huɗu kafin a dawo hutu. Hadari ya taso, aka shafa fatiha a gurguje.

Ina tattara tabarmi na hango ɗan kansila a bayan aji uku, shi kaɗai, yana tona ƙasa da tsinke. Jikan Alhaji tuni ya manta, yana can yana kokawa a kan ragowar alewa, amma wannan bai manta ba. Na je na tsaya a kansa. Bai ɗago ba ya ce, "Malama, ni fa ban ce a ba ni ba." Na ce na sani. Ban gaya masa cewa da hannuna na kwafe sunansa a takardar ba. Na zauna kusa da shi har aka fara yayyafi, sannan na raka shi bakin lungunsu.

Bayan hutu kwanon rufi ya iso a kan kura, da masu kiɗa a gaba. Rabin aji kawai zai iya rufewa, kuma ba ƙusa, ba kafinta. Aka jingine shi a ofishin hedimasta, inda ya yi wata uku yana yankar rigar duk wanda ya shiga. Daga baya Alhaji ya ga dama ta samu, ya kawo kafinta da ƙusoshi da sauran kwanon, ya tsaya a kan aikin da kansa yana gaya wa masu wucewa wanda ya yi. Har na bar makarantar, rabin rufin aji huɗu na jam'iyya ɗaya ne, rabin na ɗayar, kuma daidai inda suka haɗu yake yoyo.

Hedimasta ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata sai da kai, don ya tabbata ni na kai wa kansila rahoto. Malamai ma haka suka ɗauka, har wasu suna yaba mini a ɓoye, suna cewa ashe yarinyar nan tana da zuciya. Na yi ta rantsuwa ban yi ba, ba wanda ya yarda, har na gaji na daina musu. Da zangon ya yi nisa aka aiko mana da sabon malamin lissafi, matashi da bai daɗe da gama makaranta ba, aka ba shi teburin da ke kusa da ƙofa. A taron malamai na farko da ya halarta, hedimasta ya dube shi ya ce ya ji labarin Malam yana da ƙoƙari.