Tokar Ɗorawar Iya

Wata ranar Talata ce, cikin bazarar shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya iso gonakinmu na gefen Birnin Tudu. Na kai wa Baba fura, sai na tarar katafila ta kafa ƙirji a gindin ɗorawar Iya, kakata, tana tura ta tana gurnani. Ɗorawar ta yi ta gardama, saiwoyinta na tsinkewa a ƙasa, daga baya ta kwanta da 'ya'yanta a jiki, ko nuna ba su gama yi ba. Baba na tsaye riƙe da hularsa.

A wajenmu gona daban, itace daban. Gonar ta Baba ce, amma ɗorawar Iya ce ta gada daga uwarta, kuma da ita take rufa wa kanta asiri. Mu jikoki mu ne masu tsinto, mu sha gari har haɓarmu ta yi rawaya, sannan mu rantse ba mu taɓa ba. Iya ta dafa kalwa, mu wanke a rafi, daddawa ta tafi kasuwar Damri, ɓawon kuma a jiƙa shi a yi makubar daɓen ɗaki. A inuwarta na koyi carafke, a nan kuma na sha dukan farko saboda na bar awaki sun shiga gero.

Da itatuwan da aka kayar suka bushe, aka cinna musu wuta, ɗorawa da gawo da tsamiya ba a ware ba. Hayaƙi ya biyo mu har aji, idanu na yaji. Malam Yohanna, wanda yake zuwa daga Talata Mafara a keke, ya rufe littafi ya ce, “Da iskar da muke fitarwa itace yake gina jikinsa. In ya ƙone sai ta koma sama, har wasu itatuwa su sake shanye ta.” Muka bushe da dariya. Wai iska abinci!

Da wuta ta mutu, Iya ta ce in ɗauko masaki mu kwaso tokar ɗorawarta, ko ruwan tokar miya a samu. Muka tattara duk abin da ya rage, bai cika masakin ba. Ta daɗe tana kallonsa. “Wanga icce da ya girmi uwata, shi ke nan duka? Sauran hwa, ina ya tahi?” Na faɗa mata abin da Malam ya ce, har ina jin kaina wata aba. Ta ɗaga kai ta dubi filin, an share shi fes kamar tafin hannu, ko inuwar da akuya za ta raɓa babu. Ta ce, “Waɗanne itatuwa, ɗiyata?” Kuka ya ƙwace mini.

Iya ba ta ƙara yin daddawa ba. Tokar kuwa da tsinin cokali take ɗiba, har ta ƙare.

Yau wurin shinkafa ce da tumatir, injin ban ruwa na tofar da nasa hayaƙin, rana kuma ba ta ragawa kowa. Jikokina suna haddace sunan iskar nan da Turanci, suna zana itace da kibiyoyi a littafi, alhali ba su taɓa ɗanɗana garin ɗorawa ba. In na bi ta wurin nakan ɗaga kai in dubi sama. Ɗorawar Iya tana can, har yau ba wanda ya sauko da ita.