Rasuwar Malamarmu a Ɗakin Ɓeraye

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, mai shara ta same ki a kwance tsakanin kejunan ɓeraye, numfashi ya tsaya. An ce ciwonki na asma ne ya tashi. Ni da na yi shekaru ina miƙo miki kwalabe a ɗakin binciken nan, har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Malama, ke kika koya mini aikin. Mukan shaƙa wa ɓeraye ƙurar katifa, wasu kaɗan, wasu da yawa, sannan mu duba yadda hanyar numfashinsu ta kumbura. Ba kya yarda da sakamako sai an maimaita. In na zo da murnata, sai ki sauke tabarau ki ce, "Anya kuwa? Ɓera ba ya ƙarya, amma mai awo yakan yi." Shi ya sa ɗalibai suke kiranki Malama Anya, kina ji kina dariya.

Da 'yata ta fara tari mai fito, har gida kika zo. Kika ɗaga katifarta da hannunki, ke da ƙura ba ta ƙaunarki, kika ce, "Ƙanwata, fitar da wannan rana, abokin gabar a nan yake kwana." Kika zauna kina koya wa yarinyar riƙe maganin shaƙa har ta iya.

Sai ga maganin kamfanin da ya ɗauki nauyin aikinmu, muka gwada shi a kan ɓerayen. A ɓerayen da aka ba ƙura kaɗan, kumburin ya sauka. A waɗanda aka ba da yawa, ko gezau. Shugaban sashe ya kira ki ofis, ina tsaye a bakin ƙofa, ya ce a bar maganar rukuni na biyu. Kika ce, "Ranka ya daɗe, yaran da ke kwana cikin ƙura mai yawa, su ma a bar maganarsu?" Tun daga ranar gaisuwa ta yi sanyi a sashen.

Na san zato zunubi ne. Amma fankar da ke zuƙe ƙurar ɗakin ba a taɓa kashe ta ba, ranar kuwa a kashe take. Maganin shaƙarki ba ya barin aljihun farar rigarki, sai ga shi a durowar ofis. Kafin mu dawo daga maƙabarta an wanke ɗakin tas, an kwashe ɓerayen rukuni na biyu. Na tambayi shugaba, ya kau da kai ya ce, "Ajali ne, ki yi haƙuri." Ajali ne, ban musa ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ban kama sunan kowa ba, amma na riga na gaya masa: ba zan sa hannu a kan rabin sakamako ba, ko da aikina zai tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya yalwata makwancinki, Ya sa wahalar numfashin da kika sha ta zama kankarar zunubi. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki mai tsufa, Allah Ya ba ku dangana. Abin da ya ɓoyu gare mu bai ɓoyu gare Shi ba. Shi muka bar wa shari'a. Amin.